Idon Mai Tallan Kifi

Da hantsi aka kira Sufeto Devassy zuwa tsohon siton masoro da ke bakin ruwa a Mattancherry. Lokacin da Sufeto yake yaro, buhuna ake jibgewa a wurin har rufi. Yanzu an shafe bango, an rataye fitilu, baƙi daga uwa duniya suna shigowa kallon zane da kofin shayi a hannu.

Ɓarnar tana tsakiyar ɗaki. Wani ƙaton allo ne da aka zana mai tallan kifi da kwandonta, aka sheƙa masa farar ƙasa tun daga kai har ƙafa, aka bi jikin da wuƙa. Da yamma za a buɗe nunin, kuma wannan allo shi ne jigonsa.

Mutum uku ya tarar. Ashan Keshavan, tsohon gwanin zane, yana zaune hannunsa na karkarwa kamar kullum. Sreekala, ɗalibarsa da ta yi zanen, ta ci kuka har ta gode Allah. Sai Sudhakaran, babban ɗalibi mai furfura a gemu, wanda ke niƙa wa Ashan launi tun kafin a yaye Sreekala.

"Me ya sa wannan allon kaɗai aka taɓa?" in ji Sufeto.

"Shi ne na farko da na bar ɗalibi ya buɗe wa ido," in ji Ashan. "Wanda ya buɗe ido shi ne magajina."

Sufeto bai buƙaci ƙarin bayani ba. Kowa a garin ya san masu wannan sana'a ido suke zanawa a ƙarshe, kuma daga an zana shi suna ɗaukar zanen tamkar mai rai.

Sudhakaran ya nuna wani bokiti a ƙofa. "Yallaɓai, kada ka wahalar da kanka. Na Moidu Haji ne, maƙwabcinmu. Ya daɗe yana jin haushinmu."

Moidu Haji shi kaɗai ya rage yana sana'ar citta a layin. Sufeto ya same shi a tsakar sitonsa, ana tsoma citta a ruwan farar ƙasa ana shanyawa.

"Bokitina ne, ban musa ba," ya ce. "A bakin ƙofa suke kwana, ko akuya ta so ta ɗauka."

"An ce ba ka ƙaunarsu."

"To in ƙaunace su a kan me? Kakana ya cika jirage da citta daga nan. Yau baƙi su wuce ni kamar turke, su je su tsaya baki sake gaban bango! Wallahi abin yana ci mini rai. Amma ni da burushi? Ko sunana da ƙyar nake rubutawa."

Sufeto ya koma. Ya lura farar ƙasar ba ta yi kauri a fuskar zanen ba, kuma wuƙa ba ta je wurin ba ko kaɗan. Ya sa aka kawo tsumma da ruwa, ya shiga gogewa a hankali. Goshi ya fito, gira ta fito. Sai Sreekala ta dafe ƙirji.

"Wayyo! A buɗe na bar su!"

Idanun mai tallan kifi a rufe suke ruf. An zana musu fata, an ja gashin ido siriri ɗaya bayan ɗaya, kamar mace tana barcin rana.

Nan take Moidu Haji ya fita daga zargi. Mai jin haushin maƙwabta watsawa zai yi ya ruga. Wanda zai tsaya ya rufe wa zane ido kafin ya ɗaga masa wuƙa, ɗan gida ne da ke tsoron zanen ya gan shi. Hannun Ashan kuwa ko kofi ba ya riƙewa daidai. Saura biyu ke nan, kuma Sufeto ba shi da hujja a kan kowa.

Sai dabara ta faɗo masa, ya matsa kusa, ya ƙura ido, ya taɓe baki.

"Kai, wannan ai aikin ɗan koyo ne. Dubi layin hagu, ya karkace kamar hanyar maye. Sreekala, ke ce dai. Kin ga aikin ya fi ƙarfinki, kika ɓata shi don kada a yi miki dariya da yamma."

Yarinyar ta sake fashewa da kuka. Sufeto ya ci gaba, ko a jikinsa.

"Ni ma da na sha shayi hannuna ya daina rawa, zan ja wanda ya fi wannan."

"Ina ya karkace?" in ji Sudhakaran. "Nuna mini! Da numfashi ɗaya aka ja layin nan, ba a ɗaga burushi ba! Ita ta isa? Ita da ni na koya wa riƙon burushi?"

Sudhakaran ya dubi hannunsa, ya sulale ya zauna a ƙasa.

"Ka tsaya ka rufe wa mai tallan kifi ido saboda kai ma ka yarda ido ne na gaske aka buɗe," in ji Sufeto. "Bokitin Haji kuma ka ɗauko don a rataya masa laifi. Tashi mu je."

Sudhakaran bai ko dube shi ba. Malaminsa yake kallo, hawaye na bin gemunsa.

"Ashan, gashina ya yi fari a kan dutsen niƙanka. Ba ka taɓa ce mini zo ka gwada ba. To yau ga hannuna nan. Ka duba mana, don Allah. Ya yi?"

Tsohon ya tashi da ƙyar, ya je gaban allon, ya daɗe yana kallon idanun. Sufeto, da ya sha kama ɓarayi bai ji komai ba, sai ya samu kansa yana fatan tsohon ya faɗi kalma ɗaya mai daɗi.

Ashan ya juyo, ya wuce Sudhakaran, ya tsaya gaban Sufeto.

"Yallaɓai, zai daɗe a wurinku? Ka ga sai mun sake wani allon, kuma ba mu da mai niƙa launi."