Yarinya Mai Ɗanɗana Teku

A wani zamani can, wani masunci ya shirya tafiya da rani. Ya ce wa 'yarsa, "Ruwan da zai tafi da ni, shi zai dawo da ni. In damina ta cika koguna, gishirin teku zai ragu, ruwa ya juyo gida. Ki riƙa ɗanɗanawa."

Kullum da safe sai ta ɗebi ruwan teku da tafin hannu, ta ce, "Da sauran gishiri."

Maƙwabta suka ce, "Taso mu koma tudu, ba zai dawo ba." Ta ce, "Da sauran gishiri."

Ran nan ta ɗanɗana, ta ji ya yi salam-salam. Ba ta ko tsaya hangen jirgi ba, ta ruga gida ta ɗora girkin mutum biyu.