Tutar da Ba Ta Zuba Ba

Saura wata biyu a yi bikin cikar Nijeriya shekara ashirin da biyar da samun 'yancin kai, Malama Larai ta shiga shagon wani tela a Hayin Banki, riƙe da takardar awo.

"Tuta nake so, wadda ɗalibaina za su riƙe ranar fareti. Ƙafa shida a tsawo, uku a faɗi."

Telan, wani saurayi mai suna Inuwa, ya ɗaga ƙafarsa daga kan keke. "Yaushe ake buƙata?"

"Ku teloli har tambayar rana kuke yi? Ko na faɗa, sai ranar da kuka ga dama."

Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba, sai da ta fita.

Sau huɗu ta koma duba tutar da ba a ko yanka ba. A zuwa na biyar ya miƙa mata ɗankwalin da ta ba shi ya yi wa baki. A gida ta warware, takarda ta faɗo.

"Malamata, tun ranar da kika zagi teloli nake saɓa awo. Idan kin yarda, ina so in turo magabatana wajen Baba. Naki, Inuwa."

Amsarta layi ɗaya ce: "Telana, ka gama tuta tukuna."

Mahaifinta, Saja Ila, tsohon soja ne da ya bar yatsu biyu a yaƙin basasa. Kowace safiya yakan ɗaga ƙaramar tuta a ƙofar gidansa da ke Kawo, ya sauke ta kafin magariba. Shi ya riga ya yi wa 'yarsa zaɓi a ransa: Ahmadu ɗan kwangila, wanda ya sayo tutoci a Babbar Kasuwa ya raba wa makarantun unguwa biyar kyauta.

Wata Laraba Saja ya bi ta Hayin Banki don ya ga telan da ake cewa yana neman 'yarsa. Ya tarar da koren yadin tuta a cikin baho a ƙasa, Inuwa yana danna shi cikin ruwa. Saja bai amsa gaisuwarsa ba. Ya juya.

"Ba zan ba wanda ya tsoma tutar ƙasa a bahon wanki 'yata ba," ya ce wa Larai da ya koma gida. "Mutane sun mutu a gabana saboda kar tutar nan ta taɓa ƙasa."

Larai ta kwana biyu ba ta bi ta shagon ba. Sai ga wasiƙa ta iske ta a makaranta.

"Sahibata, ba wanki nake yi ba. Koren yadi yana zuba. Sai an jiƙa shi a ruwan gishiri kafin a haɗa shi da fari. Na so in faɗa wa Baba, bai tsaya ba."

Ta karanta wa mahaifinta. Ya ce, "Na gani da idona. Ki riƙe ta Ahmadu ranar fareti."

"Baba, ka yi haƙuri. Wadda na sa a ɗinka za mu riƙe."

Bai sake yi mata magana ba har ɗaya ga Oktoba.

Ranar faretin, filin unguwa ya cika tun ƙarfe takwas. 'Yan badujala a gaba, makarantu shida a jere, mata masu ƙosai a gefe. Saja yana layin manya da lambobinsa a ƙirji, Ahmadu kusa da shi. Ana cikin taken ƙasa ruwa ya sauko. Babu wanda ya motsa. Yara suka ƙara murya, dattawa suka tsaya cak, ruwa na bin gemunsu.

Aka fara maci. Tuta ta farko cikin na Ahmadu ta wuce, kore ya malala cikin farin. Ta biyu ma haka. Kafin ta biyar, koren ruwa na ɗiga a fararen rigunan yara. Ahmadu ya sunkuyar da kai.

Sai makarantar Larai. Tana tafe a gefen ɗalibanta, ba ta kalli layin manya ba. Tutar ta jiƙe sharkaf, ta yi nauyi, amma farin tsakiyarta na nan fari tas.

Saja ya miƙe ya sara wa tutar da hannunsa mai yatsu uku, bai sauke ba sai da ta kai ƙarshen fili.

Da aka tashi, ya je ya murza farin yadin, ya duba yatsunsa. Sannan ya sa aka nemo masa Inuwa cikin taro.

"Gishiri ka ce?"

"Gishiri, Baba. Kwana biyu."

"Ban tsaya na ji ba. Laifina ne." Ya gyara hularsa. "Ka turo magabatanka."

An ɗaura aure ranar wata Asabar a watan Disamba, a ƙofar gidan Saja, ƙarƙashin sabuwar tutar da ango ya ɗinka. Da za a tafi da amarya, tsohon ya dafa kanta.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a tagari mai son ƙasarta."

A mota Larai ta leƙo ta cikin mayafi ta ce wa ƙawarta, "Ki faɗa wa telan nan, wannan karon ya cika alkawari."