Sunan Viorica a Takardar Matattu

Ranar Asabar da safe, wata bakwai bayan ƙarewar mai a ƙasar, Sufeto Traian Olaru yana tsugune a bayan ofis yana kwasar ƙwai daga cikin motar sintiri. Tun da motar ta daina tashi kaji suka mai da ita akurki, shi kuwa bai hana su ba.

Yana cikin haka ya ji tari a bayansa. Tsoho Anghel ne, mai injin ɗab'i na hannu, hularsa a cukuikuye cikin hannunsa.

"Kawu Anghel, lafiya da sassafe? Zo ka karɓi ƙwai biyu."

"Traian, Viorica ba ta dawo ba. Tun ranar Alhamis."

Sufeto ya ajiye ƙwan a hankali.

Duk garin Runcu babu wanda bai san Viorica, 'yar Anghel, ba. 'Yar jarida ce a babban birni kafin komai ya tsaya. Da jaridar ta mutu sai ta dawo gidan ubanta da ƙafa, ta ci gaba da aikinta. Kullum tana yawo da littafi da fensir, tana rubuta wanda ya mutu, wanda ya gudu, gidan burodin da ya rufe, da wanda ya yanka dokinsa ya ci. Uban ya buga a takarda guda, ta manna a ƙofar kasuwa. Ta bakinta mutane suka san rijiyar da ke da ruwa mai kyau. Ita ce kuma ta rubuta cewa janaretan asibiti saura masa man kwana tara, alhali akwai jarirai biyu a kwalba.

"Ai takan kwana a ƙauyuka," in ji Sufeto.

"Kwana ɗaya. Ba ta taɓa yin biyu ba. Kuma ta bar rigar sanyinta a rataye."

"Me ta ce maka da za ta fita?"

"Ta ce hancinta ya jiyo labari." Tsohon ya buɗe jaka ya fito da takalmi. "Wannan ta sa ranar Laraba. Shinshina."

Sufeto ya kai hancinsa. Warin da ya yi wata bakwai bai ji ba ya daki ƙwaƙwalwarsa: man dizal. A ƙasan takalmin kuma akwai wani farin abu da ya bushe.

"Je ka gida, Kawu. Ko ka je coci ka kunna mata kyandir. Ni zan zagaya."

Ya hau kekensa, ya nufi tsohon gidan mai.

Ya tarar da Costel, mai gidan man, zaune a ƙarƙashin famfon da ya yi tsatsa yana ɓare wake.

"Ranka ya daɗe! A cika tanki ne? Kawo keken nan in zuba masa."

"Bakinka dai bai ƙare ba, Costel. Yaushe rabonka da Viorica?"

"Wace Viorica? Au, 'yar Anghel? Na fi sati biyu ban sa ta a ido ba."

Sufeto ya dubi bencin da ke gefe. Ga ɓawon fensir nan an fiƙe da wuƙa, ruwan sama bai ma taɓa shi ba. A garin nan mutum ɗaya ce take fiƙe fensir duk inda ta zauna.

"Kai ma ka fara rubuce-rubuce ne?"

Costel ya dubi bencin, ya sosa ƙeya.

"To, ta zo. Ranar Laraba da yamma. Yarinyar nan ta fi ƙuda naci."

"Me ya sa ka yi mini ƙarya?"

"Haba, ranka ya daɗe. Duk wanda ya ji an ambaci mai a garin nan, ni yake fara kallo. An fasa mini ƙofa sau uku. Ɗigo ɗaya ba ni da shi, na rantse da kabarin uwata."

"Me ta tambaye ka?"

"Wai wa ya zo neman tiyo da mazurari kwanan nan. Na ce mata wa zai nemi tiyo in ba mai dafa giya ba? Gavril Moga ne ya ara, kuma bai dawo da shi ba."

Gavril Moga shi ne tsohon direban tarakta na ƙungiyar manoma, shi ne kuma mai jan waƙa a coci. Mutum ne mai sanyin murya, wanda ko kare bai taɓa jifa ba. Sufeto ya same shi a tsakar gida yana faskare, matarsa Floarea tana tuƙa tuwon masara, jikokinsu uku suna zagaye da tukunyar.

"Sannu da aiki, Malam Gavril."

"Sannu, Sufeto. Ka iso a daidai, zauna ka ci."

"Na gode. Tiyon Costel na zo tambaya."

"Giya na tace da shi. Ga tulun can, in kana so ka ɗanɗana."

"Viorica ta zo nan?"

Gatarin ya tsaya a sama, sannan ya sauka.

"Ta leƙo ranar Alhamis. Daga nan na ga ta hau keken dokin wasu baƙi, sun yi hanyar birni. Ka san yaran yanzu. Kowa gudu yake."

"Ba rigar sanyi?"

"Ban lura ba."

Sufeto ya dubi ƙafar Gavril. Takalmin a wanke yake tas, har yana ƙyalli, a garin da kowa ke yawo cikin taɓo. Amma wanke takalmi ba laifi ba ne. Ya yi sallama ya fita, zuciyarsa ba daɗi. In da gaske ta tafi birni, to ba ya da abin yi. In kuwa tana kwance a wani wuri, kowace sa'a da ta wuce daga ranta ake cirewa.

Yana tura kekensa ta gaban coci sai ya ji hayaniya. An tashi daga addu'ar Asabar. Ga tsoho Anghel tsaye tsakanin akwatunan kyandir guda biyu, na masu rai a dama, na matattu a hagu. Inna Saveta mai sayar da kyandir ta riƙe masa hannu tana kuka.

"Me ya faru?" in ji Sufeto.

"Gaisuwar mutuwa take yi mini!" in ji Anghel. "Na zo in kunna wa 'yata kyandir a wajen masu rai, wai in kai hagu!"

"To ni na san ba a gaya masa ba?" Inna Saveta ta share ido da gefen kallabinta. "Da kunnena na ji Fada ya karanta sunanta cikin matattu yanzu-yanzun nan. Viorica. Viorica nawa gare mu a Runcu? Ɗayar ta rasu tun ina budurwa, kuma danginta duk sun ƙare."

Sufeto ya dubi ƙofar cocin. Sai kuma wani tunani ya zo masa.

"Inna, wa ya ce wa Fada ta mutu?"

"Ba a ce masa komai. Abin da aka rubuto a takarda yake karantawa."

"Kawo mini takardun."

Ta shiga ta fito da kwando. Ƙananan takardu ne, kowacce da alamar gicciye a sama, sai jerin sunayen mamatan da ake so a yi wa addu'a. Sufeto ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya kai ga wadda yake nema. Sunan yana can ƙasa, an rubuta shi ƙanana, fensirin ya huda takardar.

"Babu sa hannu," ya ce.

"Wa yake sa hannu a takardar matattu? Kai ma dai, Traian, kamar ba a cocin nan aka yi maka baftisma ba. Karanto mini na saman."

"Toader. Ileana. Sai wani Toader kuma. Sai Anica."

Tsohuwar ta daina kuka.

"Shekara arba'in ina karɓar takardun nan. Kowa da nasa mamatan yake farawa. Toader ubansa ne, Ileana uwarsa. Toader na biyu ɗansa ne da kogi ya ci. Anica surukarsa." Ta yi alamar gicciye a ƙirjinta. "Mamatan gidan Moga ne."

Sufeto bai ko ɗauki kekensa ba, ya ruga gidan Gavril.

Gavril yana nan inda ya bar shi, amma ya daina faskaren. Sufeto ya ja shi bayan rumbu, inda yaran ba za su ji ba, ya buɗe takardar a gabansa.

"Ka ce ta hau keken doki ta tafi birni."

Gavril ya ƙura wa takardar ido.

"Ubanta bai san ta mutu ba. Ni ban sani ba. Kai ta ina ka sani?"

Gavril ya zauna a kan kututture, ya rufe fuska.

"Ban iya barin ta haka ba," ya ce. "Ba wanka, ba kyandir, ba wanda ya ambaci sunanta. Kwana biyu ban runtsa ba. Na ce ko addu'ar ce dai ta samu."

"Me ka yi mata?"

"Duro uku na man dizal na ɓoye, ranar da aka ce kowa ya kai mansa asibiti. Na so in kwashe Floarea da yaran nan mu tsallake iyaka kafin ƙanƙara ta rufe hanya. Ta biyo ni har wurin. Ta ce ba za ta rubuta sunana ba in na kai man da kaina kafin Lahadi. Ni kuwa tsoro ya rufe mini ido. Na kai hannu in ƙwace littafin, ta ja da baya, ta faɗa. Na kira ta, na kira ta, ba ta motsa ba."

"Ina ne?"

"Tsohon ramin toya farar ƙasa, bayan dutse."

Ashe farin abin da ke ƙasan takalmin Viorica farar ƙasa ce, tun Laraba ta gano wurin. Sufeto ya ciji leɓe.

"Ka sauka ka taɓa ta?"

"A'a. Na gudu."

"To tashi! Ɗauko igiya da tsani!"

Kafin su fita gari labari ya riga su. Costel ya biyo su da amalanke, mata biyu da bargo, wasu maza na biye da su, tsoho Anghel a can baya yana jan ƙafa, ya ƙi a riƙe shi. Tafiyar da mota ke yi cikin minti biyar ta ci musu kusan sa'a guda.

Sufeto ya kwanta a bakin ramin ya leƙa. Duhu, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Viorica!"

Ba amsa. Gavril ya durƙusa a gefe yana motsa baki.

"Viorica! Traian ne!"

Sai wata siririyar murya, a dishe, ta taso daga ƙasa.

"Sai yanzu? Da ma an ce 'yan sanda ba sa zuwa sai an gama."

Costel ya fashe da dariya, dariyar ta koma kuka. Gavril kuwa ya kifa goshinsa a ƙasa.

Sufeto ne ya sauka da kansa. Ya same ta jingine da bango, ƙafa ɗaya a karye, jini ya bushe a gefen kanta. Ruwan saman da ya taru a wani kwano na dutse shi ta riƙa lasa, da ɗan cukun da ke aljihunta. Littafin yana kan cinyarta a buɗe.

"Rubutu kike yi a nan ma?"

"Me zan yi? Fensirin ne ya ƙare jiya." Ta kama hannun rigarsa. "Durorin suna bayan itacen can da aka jera. Yau saura kwana nawa a asibiti?"

"Man zai isa a kan lokaci. Yi shiru haka nan."

Da aka fito da ita, ubanta ya iso. Ya cire tasa rigar ya lulluɓa mata, ya yi ta shafa gashinta kamar ranar da aka haife ta. Aka ɗora ta a amalanke, maza shida suka mirgino durorin a bayanta, aka nufi asibiti.

Sufeto ya ciro ankwa. Gavril ya miƙo hannayensa da kansa.

"Gavril Moga, na kama ka da laifin ɓoye man jama'a, da raunata Viorica, da barin ta a rami."

"Na ji, Sufeto. Duk na yi." Hawaye na bin gemunsa, amma fuskarsa ta saki kamar wanda aka sauke wa kaya. "Ashe ban yi kisa ba. Allah na gode maka, ban yi kisa ba."

Viorica ta ɗago kai daga amalanken, don an riga an ba ta labarin takardar.

"Kawu Gavril, da ka sauko ka duba ni, da ka huta da sa sunana cikin matattu."

Bai iya haɗa ido da ita ba.

Hanyar ofis ta gaban coci ta bi. Da suka zo daidai ƙofar, Gavril ya tsaya.

"Sufeto, alfarma ɗaya."

Sufeto ya dube shi, ya dubi akwatunan nan biyu, ya gane. Ya gyaɗa kai.

Inna Saveta ta miƙo kyandir. Gavril ya karɓa da hannayensa biyu da ke cikin ankwa, ya wuce akwatin hagu, ya kunna a na dama, ya kafa shi cikin yashi. Tsohuwar ta karɓi takardar daga hannun Sufeto, ta lashi bakin fensir, ta soke sunan ƙarshe.

Daga can gangare suka jiyo janaretan asibiti ya yi tari sau biyu, sannan ya kama da ƙarfi. Duk wanda ke kan titi ya tsaya yana saurare.

"Mu je," in ji Sufeto a hankali.

Suka ci gaba da tafiya, da ƙafa.