Ƙaguwa da Baƙuwar da Ta Miƙo Hannu

A wani ƙaramin gari na bakin teku a jihar Bahiya, can wata ƙasa mai nisa, an yi wata yarinya mai son rungumar mutane. Kai, abin nata ya yi yawa! In ta cafke ka, sai ka ce wayyo kafin ta sake ka. Shi ya sa kowa yake ce mata Ƙaguwa. Ita kuwa ko a jikinta, har daɗin sunan take ji.

Ba kuma laifinta ba ne. A cocinsu haka kowa ya tashi ya tarar.

Ran Lahadi, da an gama waƙa, sai Fasto ya ɗaga hannu ya ce, "'Yan'uwa, a gaisa!" Nan take coci ya kaure. Tsoho ya rungumi yaro. Mai kamun kifi ya rungumi malamin makaranta. Wannan ya ce, "Salamar Ubangiji!" wancan ya ce, "Amin, salama!" Wata mata mai ƙosai kuwa, Dona Neuza, in ta matse ka, har gida za ka kai ƙamshin manja. Duk mako babu lokacin da Ƙaguwa take so kamar wannan.

Wata Lahadi aka yi baƙi. Wata yarinya ce mai suna Leni, da iyayenta, da kakarta Dona Elfrida. Daga kudu suka taso, can kan duwatsu inda ake noman kofi. Babanta ya samu aikin gyaran injin jirgin ruwa a garin.

Tun da Ƙaguwa ta hango Leni, ta ji tana sonta. Sa'arta ce, ga ta shiru-shiru, ga dogon gashi an kitse gida biyu. Ta ce a ranta, "Yau na yi sabuwar ƙawa."

Da Fasto ya ce a gaisa, sai ta kwasa da gudu, hannuwa a ware.

Leni ta ja da baya. Ta miƙo hannun dama, ta ce a hankali, "Salamar Ubangiji."

Ƙaguwa ta yi turus, hannuwa a sama. Wani yaro mai tsokana, Vado, ya ƙyalƙyale da dariya.

"Jama'a, ku zo ku gani! Yau Ƙaguwa ta rungumi iska!"

Kunya ta kama ta. Ta ɗan taɓa yatsun Leni, ta koma wurin zamanta tana kumbure-kumbure.

A hanyar gida ta kasa haƙuri.

"Mama, don Allah sunsuna ni. Wari nake yi?"

Mama ta yi dariya. "Warin me kuma? Da hannuna na yi miki wanka."

"To me ya sa baƙuwar nan ta ƙi in rungume ta? Hannu fa ta miƙo min, sai ka ce likita!"

"Wataƙila haka ake gaisuwa a garinsu," in ji Mama. "Ki ƙyale ta. Ki karɓi abin da ta ba ki."

Ƙaguwa ta ce to. Amma a baki kawai ta faɗa, maganar ba ta shige ta ba.

Lahadi ta zagayo. Yara suka taru a gindin mangwaro don makarantar Lahadi. Leni ta zauna a ƙarshen benci, ta ɗora hannuwa a cinya. Can sai malamarsu, Malama Jusara, ta shiga cikin coci ɗauko musu ruwan sha.

Ƙaguwa ta yafito sauran yaran, ta yi ƙasa da murya.

"Kun ga yarinyar can? Abin tausayi ce. Ba wanda ya taɓa koya mata runguma. Mu taru mu rungume ta gaba ɗaya. Da ta ji daɗin abin, shi ke nan, ta zama tamu."

Vado ya sosa ƙeya. "In ta yi kuka fa?"

"Kai ma dai! Wa ka taɓa gani ya yi kuka don an rungume shi?"

Suka lallaɓa ta bayan benci. Ƙaguwa ta ba da alama, suka afka wa Leni a tare. Wannan ya riƙe wuya, wancan ya riƙe kafaɗa. Ƙaguwa ce a gaba, ta ƙanƙame ta iya ƙarfinta.

"Ku bari!" in ji Leni. "Ku sake ni!"

Yara suka ɗauka wasa ne. Suka ƙara matsawa suna shewa.

"Na ce ku bari!"

Sai da Ƙaguwa ta ji Leni tana shessheƙa, sannan ta saki. Leni ta durƙushe, kitsonta ɗaya ya warware, hawaye shaɓe-shaɓe. Ta miƙe ta ruga cikin coci wurin kakarta. Ba a jima ba suka ga baƙin sun fito. Ko sujada ba su tsaya an gama ba.

Malama Jusara ta ajiye tulun ruwa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Wa ya kawo wannan shawara?"

Ƙaguwa ta ɗaga hannu. "Ni ce, Malama. Amma wallahi ba da mugunta na yi ba. So nake ta zama ƙawata."

"Na yarda. Amma faɗa min, ta ce ku bari?"

"Ta ce."

"Kun bari?"

Ƙaguwa ta sunkuyar da kai.

Lahadi ta gaba, bencin baƙi ya zauna wayam. Ƙaguwa ta yi ta waiwayen ƙofa har wuyanta ya gaji. Da aka ce a gaisa, ko motsi ba ta yi ba. Dona Neuza ta zo ta taɓa goshinta.

"Ke 'yar nan, lafiya? Yau ba a karya min haƙarƙari ba. Zazzaɓi ne?"

"A'a, Goggo."

Da rana Mama ta dafa wake da shinkafa da soyayyen kifi, abincin da Ƙaguwa ta fi so. Sai juya cokali take yi.

"Na haɗu da maman Leni a kasuwa jiya," in ji Mama. "Ta ce Leni ta ƙi zuwa cocinmu. Suna tunanin su riƙa shiga mota suna zuwa na garin gaba."

Ƙaguwa ta fashe da kuka. "Ni na kore su, Mama! Na kori mutane daga gidan Allah!"

Mama ta jawo ta jikinta har ta yi shiru. Sannan ta ce, "Kuka ba zai dawo da su ba. Je ki wanke fuskarki. Ɗauko min kwanon nan mai murfi, mu zuba musu wainar rogo."

Gidan su Leni yana bayan tashar jiragen ruwa. Dona Elfrida ce ta buɗe ƙofa. Mama ta ware hannuwa kamar yadda ta saba, sai ta tuna. Ta yi maza ta sauke su, ta miƙa na dama. Saura kaɗan Ƙaguwa ta yi dariya. Ashe manya ma suna mantuwa.

Tsohuwa ta kama hannun Mama. Sannan ta kama na Ƙaguwa, ta dube ta cikin ido. Tafin hannunta da kauri, ga ɗumi. Ba ta yi saurin saki ba.

Aka ba su kujeru, aka kawo kofi da burodin gida. Leni ta leƙo daga ɗaki, ta tsaya a bakin ƙofa.

Ana nan sai ga baban Leni ya dawo daga wurin wani injin da ya lalace. Ya wanke hannu tas. Ya cire hula, ya je gaban mahaifiyarsa, ya miƙa mata hannu.

"Barka da gida, Inna."

"Barka da dawowa, Valdemar."

Ƙaguwa ta zaro ido. Kafin Mama ta tare ta, magana ta fito.

"Kaka, ba kya son ɗanki ne?"

"Ke!" in ji Mama. "Wane irin baki ne wannan?"

Amma tsohuwa dariya ta yi, har da riƙe ciki. Baban Leni ma ya yi murmushi.

"Bar ta ta tambaya," in ji Dona Elfrida. "'Yar nan, wannan ƙaton da kike gani, saboda shi na baro gonata da kajina na biyo shi garin zafi. Kin ga kuwa ai ina sonsa. Mu a wurinmu, haka muka gada. In ka ba mutum hannunka, ka dube shi cikin ido, to ka girmama shi ke nan. A cocinmu na gida ma haka ake yi. Fasto yakan tsaya a bakin ƙofa, ya ba kowa hannu, babba da yaro."

Ƙaguwa ta tuna ranar farko, yadda ta taɓa yatsun Leni ta juya. Ashe Leni girmama ta ta yi, ita kuwa ta watsar.

Ta tashi ta je bakin ƙofar ɗaki. Ta tsaya ɗan nesa.

"Leni, ki yi haƙuri. Kin ce mu bari, ban bari ba. Ni na haɗa abin, ba su Vado ba."

Leni ta dubi ƙasa. "Na ɗauka dariya kuke min. Don maganata ba irin taku ba ce."

"Wallahi a'a! Sonki nake yi, shi ya sa."

"Na kasa numfashi," in ji Leni. "Na ji tsoro sosai."

"Ba zan ƙara ba. Ba kuma wanda zai ƙara. Za ki dawo?"

Leni ta ce, "Ban sani ba tukuna."

Ƙaguwa ta so ta yi ta roƙo. Amma ta tuna abin da naci ya jawo mata. Sai ta ce, "To," suka yi sallama.

A makon nan Ƙaguwa ba ta zauna ba. Ta bi yaran coci ɗaya bayan ɗaya, a makaranta da bakin teku.

"In Leni ta zo, ba mai taɓa ta sai ta yarda. Kun ji ko?"

Vado ya riƙe baki. "Ikon Allah! Yau Ƙaguwa ce take hana runguma? Gobe kuma kifi zai hana wanka!"

"Yi dariyarka. Amma ka ji abin da na ce."

"Na ji, ranki ya daɗe."

Lahadi ta zo. Aka fara waƙa, bencin nan babu kowa. Bakin Ƙaguwa yana waƙa, idonta yana ƙofa.

Ana cikin baiti na ƙarshe, sai ga Dona Elfrida da sandarta. Ga baban Leni, ga mamanta. Can a bayansu, ga Leni tana tafe a hankali.

Fasto ya ɗaga hannu. "'Yan'uwa, a gaisa!"

Coci ya kaure kamar kullum. Dona Neuza ta nufi baƙin gadan-gadan. Da ta isa gaban tsohuwa sai ta ja birki, don labari ya riga ya kai mata.

"'Yar'uwa, hannu ko ƙirji?"

"Hannu, 'yar'uwa," in ji Dona Elfrida tana dariya.

"To, kawo shi nan. Amma ki sani, hannun nawa ma manja ne!"

Ƙaguwa kuwa ba ta yi gudu ba. Ta taka a hankali har gaban Leni. Hannuwanta sai ƙaiƙayi suke yi, ta ɓoye su a baya.

"Leni, yaya kike so in gaishe ki?"

Leni ta miƙo hannun dama. Ƙaguwa ta kama shi da kyau. Ta dube ta cikin ido.

"Salamar Ubangiji."

"Amin, salama," in ji Leni.

Sai Leni ta ɗago hannun hagu, ta ɗora a kan na Ƙaguwa. Ta rufe shi da hannu biyu, ta matso kusa da kunnenta.

"A gidanmu, hannu biyu sai ɗan gida," ta raɗa mata. "Zo ki zauna kusa da ni."

Daɗi ya cika Ƙaguwa har ta rasa inda za ta sa kanta. Ta matsa, suka zauna tare, littafin waƙa ɗaya a tsakaninsu.

Ƙaguwa ba ta daina runguma ba. Har yanzu Dona Neuza tana kukan haƙarƙarinta duk Lahadi. Amma daga ranar nan, in ta ga baƙo, sai ta tambaya tukuna.

Yara, mutane ba iri ɗaya suke nuna ƙauna ba. Wani runguma yake so, wani hannu ya ishe shi, kuma duka gaisuwa ce mai kyau. In kana son mutum, ka gaishe shi yadda zai ji daɗi. In kuma ya ce ka bari, to ka bari.