Madubin da Aka Hana Tsofaffi

Da hantsi Malama Rut ta shigo caji ofis na Jibiya tana haki. Daga jami'a aka turo ta da wani madubi mai ido biyu, in ka kara shi a fuska sai ka ga kamar kana cikin wurin da ke hoton. Aikinta ta gwada wa masu ƙetare iyaka, ta ji yadda suka ji. Tun jiya ya ɓace, har an kulle Maharazu maigadi.

Sufeto Markus ya je ɗakin da take aiki, kusa da shingen kwastan. Kwaɗo lafiya lau. Rediyonta na kan tebur.

"Wa ke da mabuɗi?"

"Ni da Ɗantala, tafintana."

Ɗantala, da ke tsaye a gefe, ya durƙusa. "Ranka shi daɗe, jiya Maraɗi na tahi."

Sufeto ya duba faya-fayan hotunan da ake sawa a madubin. Na Ikko na nan, na rijiyar mai na nan.

"Na Makka ne babu," in ji Rut.

"Su wa kike ba su kalla?"

"Maza, daga shekara ashirin zuwa arba'in. Haka aka tsara mini. Ban da mata, ban da tsofaffi."

"Akwai wanda kika kora?"

"Wata tsohuwa daga Bugaje. Ta zo har da butarta. Ɗantala ne ya gaya mata ba a ba irinsu."

A shinge, ɗan kwastan ya ce Ɗantala bai ƙetare jiya ba. Hanyar Bugaje ya ga ya bi da kekensa.

Sufeto ya sa Ɗantala da Rut a mota. Kofur ɗinsa ya tuƙa su har Bugaje.

Ƙofar wani gida cike take da takalman mata. A tsakar gida tsofaffi sun yi layi, kowace sai ta yi alwala kafin a miƙa mata madubin. Wata tsohuwa, Iya Fatsuma, ta riƙe shi da hannu biyu tana hawaye.

"Wace ce wannan?" in ji Sufeto.

Ɗantala ya sunkuyar da kai. "Innata ce. Da bakina na kore ta, ranka shi daɗe, don kada in rasa aiki. Kwana tai ba ta ci abinci ba. Ni na ɗauko. Maharazu bai san komi ba."

"Ka bar shi ya kwana a sel?"



Sufeto ya ce da kofur ya je a saki Maharazu, sannan ya kama hannun Ɗantala.

Rut ta miƙa hannu za ta karɓi madubin. Iya Fatsuma ba ta cire shi daga fuska ba.

"Dakata, ɗiyata," ta ce. "Ban gama gaida Ɗakin Allah ba."

Rut ta sauke hannu. Aka fita da Ɗantala ta tsakiyar takalman.