Alwalar Alhaji a Bakin Teku

Ranar da Aminullahi ya fara ganin Najaha, durƙushe take bayan wata rumfar abinci a bakin tekun Kwatano, tana kelaya amai.

Ba laifinta ba ne. Yayarta Batulu da mijinta ne suka ɗauko ta tun daga Matameye, wai ta zo ta huta tunda an rufe lakwal, wato makarantar da take koyarwa. Kwana biyu a mota, ta Dosso da Gaya, ƙafa duk ta kumbura. Ana isowa aka zauna a inuwar kwakwa, sai mai rumfa ta dire mata faranti: ƙaguwa guda, jajawur, da ƙafafunta duka, idanu a waje suna kallon mutum.

"Yaya, wannan ai kunama aka dafa," in ji ta tana goge baki da gefen mayafi. "Da kin faɗa mini abin da ake ci ke nan, da ban baro gida ba."

"Sannu, 'yar gida. Ga ruwa, kurkure bakinki."

Ta ɗaga kai. Wani dogon saurayi ne baƙi, cikin jallabiya ruwan toka, yana miƙo mata gora yana danne dariya. Ya ce Hausarta ce ta jawo shi, don ya daɗe bai ji irinta ba. Shi ɗan Kurni ne, kusa da Matameye, shekara biyar yana aikin fiton motoci a tashar jiragen ruwa.

"Shekara biyar cikin wannan ƙarnin? Hancinka ya mutu ke nan."

"To ke ba kya cin fara?"

"Kada ka haɗa. Fara ganye take ci. Wannan abin Allah kaɗai ya san abin da yake tsinta a ƙasan ruwa."

Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ita ko ta harare shi, amma ba ta mayar masa da gorar ba.

Mako guda suka yi. Batulu da mijinta sun huta iya hutawa, suna kishingiɗe kan dogayen kujeru suna zuƙar ruwan kwakwa. Najaha kuwa komai na wurin ƙyama yake ba ta. Iska ta danƙo, jiki ba ya bushewa. Rairayi har cikin haƙori. Ledoji da kan kifi kwance inda ruwa ya tofo su, ƙudaje sun yi musu baƙi. Ga mutane, manya da furfurarsu, suna yawo da ɗan kamfai ko a jikinsu. Abu ɗaya take jira kullum, ƙarfe biyar, lokacin da Aminullahi zai sauko daga aiki da kwanon tuwon hatsi da miyar kuka daga wajen wata Bamaraɗiya a unguwar Zongo. Sai ya fara gaida mijin Batulu tukuna, sannan ya zauna nesa kaɗan.

Ranar tafiya, suna cikin mota saƙonsa ya shigo:

"Gimbiyar ƙyama, garin nan ya koma mini fanko. Yau na sayo tuwo kwano biyu na manta ba kya nan."

Ta amsa: "Ɗan Kurni, ban ga abin so a tekunku ba sai abu ɗaya. Shi ma don ba ya ƙarni ne."

"In turo Baffana wajen Baba?"

"Me kake jira?"

Da baffan ya zo, Alhaji Abdulra'uf, mahaifin Najaha, babban dillalin rake a Matameye, ya karɓe shi da mutunci, ya ce a ba shi lokaci ya bincika. Kafin binciken ya yi nisa Bashir ya riga kowa. Bashir ɗan abokin cinikin Alhaji ne, shekara biyu yana zaryar ƙofar gidan ba a ba shi fuska ba. Shi ya kawo wa Alhaji foto a waya: Najaha da Aminullahi tsaye a bakin ruwa, bayansu wasu mata uku kusan tsirara suna shan rana.

Alhaji ya kira ta. Bai ɗaga murya ba, ya dai ture wayar da bayan hannu kamar wanda aka miƙo wa mushe.

"A nan kika samo shi?"

"Baba, wurin ne haka, shi ba haka yake ba."

"Wanda ya shekara biyar yana kallon wannan ƙazanta, idonsa ya bushe. Ba zan ba shi 'yata ba."

Najaha ta yi kuka har kanta ya yi ciwo. Ta ɗauka Aminullahi ne ya baza foton don burga, ta yi kwana uku ba ta ɗaga kiransa. Sai da Batulu ta zo da kunya ta ce ita ce ta sa shi a waya kowa ya gani, sannan Najaha ta rubuta masa: "Na zalunce ka, Nurin zuciyata. Ka yafe mini." Ya amsa: "Ban riƙe ba. Amma kwana ukun nan ban ji daɗin komai ba."

Hajiya, uwar Najaha, ita ta yi ta bin Alhaji da magana, cewa ba a yanke wa ɗan mutane hukunci da foto. Rannan ya gaji ya ce to, ba zai aiki kowa ba, shi da ƙafarsa zai je ya ga wurin, ya tambayi mutane halin yaron. Kuma kada wanda ya sanar da yaron.

Motar ba ta fita gari ba Najaha ta tura wa Aminullahi saƙo: "Baba ya taso. Farar babbar riga, jar dara. Don Allah kada ka nuna ka san da zuwansa."

Ran Lahadi Alhaji ya sauka bakin teku, wurin maƙil da jama'a. Ya toshe hanci da hankici, yana tafe yana a'uziyya, yana ɗage riga kada ta taɓa ƙasa. Duk inda ya kai ido sai ya ɗauke. Bai san akwai mai jallabiya da ke binsa daga nesa ba.

La'asar ta yi. Alhaji ya san a karatu cewa ruwan teku mai tsarki ne, don haka ya nemi inda ba mutane don ya yi alwala, ya tuɓe takalmi. Shi fa duk ruwan da ya sani a rayuwarsa tafki ne da rijiyar fadama, ruwan da ke zama inda aka bar shi. Sai ya tsuguna dab da baki, ya wanke hannu, ya kai ruwa baki ya tofar da sauri, fuska a yamutse. Ya sunkuya zai wanke fuska ke nan, igiyar ruwa ta taso ta maka shi da ƙasa, ta ja shi ciki.

Aminullahi bai iya iyo sosai ba, amma ya faɗa. Da ƙyar ya cafko hannun babbar rigar, ruwa na ja yana ja, har ya fito da shi kan rairayi. Dara ta tafi. Tazuge ya tsinke, wando ma ya tafi, rigar kuma ta naɗe a wuya. Alhaji ya yunƙura ya amayar da ruwan gishiri da shinkafar rana duka a ƙirjin wanda ya ceto shi.

Samari suka fara taruwa da wayoyi a hannu. Aminullahi ya cire jallabiyarsa ya lulluɓe dattijon, ya tsaya a gabansa da 'yar rigar ciki da aman a jikinsa, yana roƙonsu da Faransanci: ubana ne, ku ji tsoron Allah. Bai gusa ba sai da suka sauke wayoyin suka watse.

A ɗakinsa ya ɗora ruwan zafi, ya ba shi wando da hula, ya dafa shayi. Alhaji ya daɗe yana kallon fuskar, don ya gane ta daga foton.

"Kai ne."

"Ni ne, Baba."

"Bina kake yi?"

"Ka yi haƙuri. Ruwan nan na ji wa tsoro, ba ya ba mutum sanarwa."

Alhaji ya shanye shayinsa. Da safe ya hau mota.

A Matameye ya zauna jiran abin da ya tabbata zai zo. Yaro mai neman aure ya ceci uban yarinya, wa zai iya haɗiye wannan? Zai faɗa wa Najaha, ta faɗa wa Batulu, Batulu kuwa ai an ga aikinta. Duk lokacin da aka yi dariya a kasuwar rake sai gabansa ya faɗi. Mako ya wuce, wata ya wuce, shiru.

Rannan ya kira Najaha. "Me yaron nan ya ce miki game da zuwana?"

Ta miƙa masa wayar. Sau huɗu ta tambayi Aminullahi, amsa ɗaya ce duk sau huɗun: "Baba ya ga teku, ya sha shayi, ya koma lafiya. Ki ci gaba da addu'a, Gimbiya."

Alhaji ya karanta, ya sake karantawa. Ya ce ta gaya wa Hajiya a aika Kurni, ya amince.

Bayan an sare rake aka ɗaura aure. Bashir bai zo ba, ba kuma wanda ya tambaya. Da yamma, da za a kai amarya, Alhaji ya sa aka shigo masa da su biyu, aka ja ƙofa. Da bakinsa ya ba 'yarsa labarin duka, har wandon, har aman. Najaha ta rufe baki da lulluɓi, ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Ta juya ta dubi mijinta, shi kuwa kansa na ƙasa.

"Da ya faɗa, da na ba shi ke dole, don kunya," in ji Alhaji. "Bai faɗa ba, ya gwammace ya rasa ki da ya tona ni. Shi ya sa na ba shi da zuciya ɗaya. Yadda ya rufe ni a ranar nan, haka zai rufe ki."

Ya kama hannunta ya sa cikin na Aminullahi.

"Allah ya rufa muku asiri duniya da lahira. Allah ya ba ku zuri'a mai albarka. Ku tashi, mota na jira."

Suka ce amin tare, Najaha ta riƙe hannun gam.