Abin Da Dutsen Guga Ya Tona

Wayyo Allah, bayana!...

A zuci Amarya ta faɗi haka, don ta daɗe da daina faɗa a fili. Sai da ta gwada sau uku, tana dafa bango, kafin ta iya miƙewa daga kan katifa. Ciwon ya taso daga tsakiyar gadon bayanta, inda likitoci suka ɗaure ƙashi da ƙarfe, ya gangara ƙafar hagu kamar ana tsiyaya mata tafasasshen ruwa a jijiya. Shekara biyu ke nan da motar haya ta kife da su, mijinta ya cika nan take, ita kuma aka zaro ta da karyayyen baya. Marainiya ce tun tana goye, ba uwa ba uba, ba gidan komawa. Haka ta ci gaba da zama a ɗaki ɗaya cikin gidan dangin mijin, ita da 'yarta mai shekara bakwai, wadda marigayin ke kira 'Yar Baba. Sunan Amarya kuwa tun ranar da ta shigo gidan ya bi ta, har yau ba wanda ya canza.

Ciwon nata mai wuyar sha'ani ne. Tana iya tsayuwa, tana iya takawa a hankali, amma zama ya gagare ta. Minti goma a kujera sai gumi ya keto mata. Shi ya sa ta nemi aiki a shagon wanki da guga na bakin titi, inda aka ɗaga mata tebur da bulo biyu don kada ta sunkuya. Ai kuwa sai abin ya zama na magana! "Mai ciwon baya ce ke wuni a tsaye tana guga?" in ji matan gidan, suna taɓe baki. Kai, jama'a! Wanda bai ɗauki kaya ba ai bai san nauyinsa ba.

Mai jan ragamar wannan magana ita ce Yaya, babbar yayar marigayin, wadda ke zaune a sashen gaba da mijinta. Da yake Amarya ba ta iya zaman mota, mijin Yaya ne ke zuwa asibiti duk wata da katinta ya karɓo magani. Yaya kuma ta ce maganin mai ƙarfi ne, ba a barin sa hannun mai ciwo, don haka ita ke ajiyewa, kullum safe da yamma ta miƙo ƙwaya ɗaya a murfin kwalba. Da farko in Amarya ta sha, ciwon yakan lafa har ta yi wa 'yarta kitso. Amma wata huɗu ke nan, sai ta haɗiya ta yi ta jira, shiru kake ji.

"Yaya, don Allah ki ƙara min ɗaya," ta ce da safen nan. "Wallahi kamar ban sha komai ba."

Yaya ta dube ta sama da ƙasa, ta ɗaga murya yadda duk gidan zai ji. "A ƙara miki? Jiya a ƙara, shekaranjiya a ƙara! Ke dai faɗi gaskiya, jikinki ya saba da ƙwaya. Ƙanina ya mutu ya bar mana 'yar ƙwaya a gida, ga yarinya tana kallo tana koya!"

Amarya ta juya ta ga 'Yar Baba tsaye a bakin ƙofa da jakar makaranta, ido ya cika da ƙwalla. Ta haɗiye kukanta ta ce, "Je ki, uwata, kada ki makara."

Ranar nan tana guga tana zargin kowa. Ta zargi likita, ko ya rage ƙarfin maganin bai faɗa ba. Ta zargi ƙarfen da ke bayanta, ko ya goce. Daga baya ta koma zargin kanta, kuma wannan ya fi ci mata rai. Ko dai gaskiyar Yaya ce? Ko haka masu shaye-shaye ke ji, su yi ta roƙo ba kunya? Ta ɗaga ido sama hawaye na zuba a kan zanen gadon mutane, ta ce, "Ya Allah, in ni ce na lalace Ka shirye ni, in kuwa zalunta ta ake yi, Kai ne gatan wanda ba shi da gata..."

Maganar ba ta kwana biyu ba ta kai kunnen Baffa, ƙanen mahaifin marigayin, tsohon malamin makaranta da ba a yi wa musu a gidan. Ya tara Amarya da Yaya da mijin Yaya a falonsa. Yaya ta kawo shawara a raba yarinyar da uwarta, a kai ta wurin babbar 'yarta ita Yaya da ke aure a wani gari mai nisa, kafin tarbiyyarta ta ɓaci. Baffa ya ce shi ba ya yanke hukunci da ji, sai an kai Amarya asibiti an gwada jininta.

"Wane gwaji kuma, Baffa?" Yaya ta yi caraf. "Abu a fili? Ɓata lokaci ne kawai!"

Amarya ta lura da yadda Yaya ta saci kallon mijinta, shi kuma ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur. 

A kwance aka kai ta a kujerar bayan mota, kowane rami a titi sai ta ciji gefen mayafinta. Bayan kwana uku suka koma karɓar sakamako, ita da Baffa da Yaya. Likitan ya juya takardar, ya sake juyawa, ya cire tabarau ya ce, "Baba, babu ko ɗigon maganin nan a jikinta." Amarya ta sauke ajiyar zuciya, ta ɗauka an wanke ta. Ina! Kafin ta buɗe baki Yaya ta tafa hannu tana salati. "Ashe sayarwa take yi! Ɓoyewa take a ƙarƙashin harshe ta kai shago! Ni da hannuna nake ba ta safe da yamma, to ina yake zuwa?" Likita ma ya bi Amarya da wani irin kallo, ya ce dole ya dakatar da maganin har a gano inda yake shiga.

"Baffa, na rantse da wanda raina ke hannunSa, duk abin da aka ba ni haɗiyewa nake!" in ji Amarya.

Baffa bai ko dube ta ba. "Ke yarinya, takarda ba ta ƙarya. Ranar Asabar mijin yayarki zai kai 'Yar Baba. Na gama magana."

Yanzu kam Amarya ta fara haɗa zaren. Ta tuna ƙwayar farko ɗaci gare ta har maƙogwaro, ta watannin nan kuwa salam take kamar alli. Ta tuna rabon da a nuna mata ledar asibiti tun kafin ciwon ya tsananta. Amma zargi ai ba hujja ba ne. Wa zai saurari matar da aka riga aka yi wa tambari biyu, 'yar ƙwaya kuma ɓarauniya? Kwana huɗun nan 'Yar Baba ba ta rabu da gefen zaninta ba. "Mama, in na tafi wa zai sa miki takalmi?" take tambaya, don ita ce ke durƙusawa ta zura wa uwar takalmi kullum. Amarya sai ta kawar da kai.

Asabar da hantsi an riga an ɗaure kayan yarinyar a jaka an ajiye a tsakar gida. Yaya ta fito ta wurgo wa Amarya farar rigar mijinta, wadda ya sa jiya ya rataye. "Ungo, bi ta da guga maza, da ita zai yi tafiyar. Ai sana'arki ce." Dubi rashin imani! Uwa ce za ta goge rigar wanda zai tafi mata da 'ya. Amarya ta shimfiɗa rigar a tebur ta jona dutsen guga.

Duk mai guga ya san ƙa'ida ta farko: kafin ka ɗora dutse, lalube aljihu. Amarya ba ta taɓa tsallake wannan ba sai yau, da hawaye suka rufe mata ido. Tana kai dutsen kan aljihun gefe sai ta ji ya maƙale, wani ƙauri ya tashi. Innalillahi! Ta ƙona rigar! Ta juyo cikin aljihun... sai ta tsaya cak. 'Yar ledar asibiti ce ta narke ta manne da yadin, ƙwayoyi na leƙowa ta inda ta fashe. Ga takardar da ke jikinta, ta ɗan yi ja amma rubutun biro raɗau: sunanta, lambar katinta, da kwanan watan nan. Ta ɓantari ƙwaya ɗaya ta ɗora a harshe. Ɗaci har maƙogwaro.

Ta naɗe rigar a ƙirji ta nufi falon Baffa, tana jan ƙafar hagu. Yaya ta hango ta, ta biyo ta da gudu. "Ina za ki da rigar mutane? Kawo nan!" Ta fizgi hannunta har Amarya ta ji bayanta ya amsa, duhu ya gilma mata, amma ba ta saki ba. Ta dafa ƙofa ta ƙwala kira da muryar da gidan bai taɓa jin ta da ita ba: "Baffa! Baffa, fito ka gani!"

Baffa ya sa tabarau ya karanta takardar. Ya gwada ɓamɓare ledar, ta ƙi, ta zama ɗaya da aljihun. Ya ce a kawo kwalbar da Yaya ke ba da magani daga ciki. Yaya ta ce ta ɓata. Ya tashi da kansa ya ɗauko ta a kan durowarta. Ya zube ƙwayoyin biyu a tafin hannu, duk farare, amma tambarin jikinsu daban.

"Rigar wa ce wannan?" ya tambaya a hankali.

Mijin Yaya, da hayaniyar ta jawo shi falon, ya fara in-ina, gumi na ɗiga daga haɓarsa. "Baffa... wallahi ita ta ce ciwon ƙarya ne, ko an ba ta na bogi ba za ta gane ba..."

"Munafuki!" Yaya ta daka masa tsawa. "Wa ke kaiwa tasha yana sayar wa 'yan shaye-shaye? Ni ce?"

Nan suka shiga tona wa juna asiri, matan gidan da suka taru suna salati suna rufe baki. Baffa ya ɗaga waya ya kira 'yan sanda da kansa, ya ce ko ɗan cikinsa ne ba zai rufa wa wannan asiri ba. Kafin azahar an tafi da mijin Yaya, da rigar a matsayin shaida. Yaya kuwa Baffa ya ba ta kwana uku ta kwashe kayanta ta bar gidan. Ta zube ƙasa tana birgima tana kiran sunan marigayi, ba wanda ya ko ɗaga ta.

Sannan tsohon ya juyo ga Amarya, hawaye na bin gemunsa. "'Yata, wata huɗu kina ɗauke da wannan azaba ba magani, muna cikin gida ɗaya, muna zagin ki. Likita ya faɗa min gaskiya da bakinsa, na karanta ta a juye. Ki yafe min don Allah."

"Na yafe, Baffa," ta ce, kuka ya ci ƙarfinta. "Allah ma muna yi maSa laifi Ya yafe."

Ba a ce bayan Amarya ya warke ba. Likita ya ce da ciwon za ta rayu, sai dai a rage masa kaifi, kuma daga ranar maganinta a hannunta yake. Amma mai haƙuri, ko an daɗe, Allah ba Ya barin sa ya kunyata.

Tana fitowa daga falon ta tarar da 'Yar Baba zaune a kan jakarta a tsakar gida, ta sa takalmin tafiya, ido ya kumbura.

"Mama, yanzu wa zai kai ni?"

"Ba mai kai ki ko'ina, uwata."

Yarinyar ta dube ta, ba ta yarda ba tukuna. "Ko gobe?"

"Ko gobe, ko jibi. Ɗauko jakarki mu koma ɗaki."